Kafin Ka Sauya Hannu a Iyaka

Bagudo,
ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗana Sahabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya a Illo, kai da maigidanka Baba Sido da iyalinsa. Mu nan lafiya muke, sai godiyar Allah. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka bisa hanya, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin zuciya, amin.

Bayan haka, na zaɓi in rubuto maka ne domin na san bakina. In na zaunar da kai zan yi maka nasiha, kafin in kai rabi ta koma faɗa, kai ka sunkuyar da kai, ni in tashi da ciwon kai, innarka ta yini tana ba ni haƙuri. Alƙalami ya fi ni sanyi. Shi ne kuma kaɗai abin da ya rage mini daga karatun midil da na yi, gara in more shi a kanka.

Ka haye gulbi ran kasuwa ba ka san matsayinka ba. Idon Baba Sido ya yi rauni, zai ajiye tuƙi, Alhaji Namaiwa mai motar kuwa bai yanke shawara ba, ko kai zai miƙa wa mabuɗin motarsa, ko ya ɗauko wani daga Jega. Ka san abin da ya sa yake jan ƙafa. Lasin kam ka samu, hannunka kuma Baba Sido ya shaide shi. Sunana ne ya tsaya maka a gaba. Ni na kifar da motar yayan Alhaji a ƙasar Dahomai, kuma duk wanda ya je gaishe shi sai ya tuna masa cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, jiya Alhaji ya zo har zaurena, mun yi magana. Amsar tana cikin takardar nan, amma can ƙasa na sa ta, domin in na sa ta a sama ba za ka karanta sauran ba. Kada ka tsallaka. Wanda ya kasa bin layin rubutu a hankali, yaya zai yi da layin motoci?

Ba don tuƙi aka kai ni makaranta ba. Na fito midil Turanci na zuba a bakina, aka ɗauke ni akawu a ofishin En'e, ga tebur, ga farar riga. Waɗanda nake gyara wa rubutu a lokacin, su ne yau ake buɗe wa ƙofar mota a Kaduna. Da aka zo ƙarin girma aka tsallake ni aka ba ɗan wani, na faɗi abin da ke raina a gaban jama'a, aka nuna mini ƙofa. Har gobe ban ce ƙarya na faɗa ba. Ranar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu, na je filin makaranta na tsaya daga baya, yara na ta rawa da 'yan tutoci. Na dubi rumfar manya, duk fuskokin da na sani ne, hula kawai suka sake. Ramin da ke hanyar Bahindi kuwa yana nan inda Bature ya bar shi. Amma wannan baƙin cikina ne, ban rubuto don in gadar maka da shi ba. Na ambace shi ne don ka san irin kayan da na riƙa lodawa a gaban mota, kayan da ba a biyan kuɗin dakonsu.

Da na koyi tuƙi, jikina ne kawai ya bar ofis. Sai in kama sitiyari tun daga Bagudo ina gardama da mutanen da ba sa cikin motar. Ina tsara amsar da ya kamata in ba wakilin ofis, da Turanci, ina gyara ta, ina ƙara mata gishiri, shi kuma yana can yana cin tuwonsa bai san ina yi ba. Na sha wuce gari sukutum, in an tambaye ni ko na ga wane a bakin hanya in rasa ko mun bi ta garin.

Wata safiya mun baro Bahindi, hanya sarari, rana ta fito tas, garken shanu na ƙetarewa. Idona na kansu tun daga nesa. Ban taka birki ba sai da na ji ƙarar ƙarfe a jikin karsana. Na fito ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Mai shanun, wani dattijon Bafillace, ya durƙusa ya yanka ta kafin ta zama mushe, ya goge wuƙarsa, sannan ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Direba, ina ka tahi ka bar motarka ta taho ita ɗai?"

Na ce, "Wace irin magana ce wannan? Ba ga ni a ciki ba?"

Ya ce, "Aradu ba ka ciki. Na ɗaga maka sanda, na ɗaga maka malfa, idonka bisa gare ni kamar na kifin banda."

Mutanen da ke bayan mota suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin gaskiya ya faɗa.

To ka ji, Sahabi. Mai salla in ya yi rafkanwa akwai ƙabli da ba'adi, ya yi sujada biyu ya gyara. Tuƙi ba shi da ƙabli, ba shi da ba'adi. Inda motarka take, nan hankalinka zai zauna. In ka ji ya sulale ya tafi wurin wata yarinya ko wurin wanda ya ɓata maka, kada ka tsaya yi wa kanka faɗa, wannan ma wata tafiyar ce. Kira sunan abin da ke gabanka a fili, kamar ɗan elemantare: jaki, kwalbati, mace da tulu, kwana. Kafin ka kira huɗu ka ga ka dawo cikin motar. Daga baya na gano wannan dabara, kuma duk ranar da na yi aiki da ita lafiya na sauka.

Cunkoson birni kuma wani abu ne daban, kai ba ka san shi ba tukuna. Abin da ka sani shi ne kasuwar Bagudo, inda kowa ya san ka, mai jaki ma in ya tare maka hanya sai ya gaishe ka. Ranar da za ka shiga Kwatano za ka ga mota ta sa hanci a gindin mota, kekuna na kutsawa ta ƙarƙashin madubinka, masu amalanke, mata masu talla, kowa na danna oda kamar ita ce za ta buɗe hanya. Zafin inji na dukan ƙafarka, lagireto na tafasa, rigarka ta manne da kujera. A irin wannan wuri ne shaiɗan yake samun kujera a gaban mota ba tare da ya biya ba.

Ni a Badun, can ƙasar Yarbawa, ya same ni. Na kai bandar kifi, muna cikin layi tun hantsi, ana matsawa taku ɗaya a tsaya. Wani direban bas ya cusa kansa gabana, har ya goge mini fenti, sannan ya leƙo ta taga ya ce da ni da gurɓatacciyar Hausa, "Malam, koma gida ka hau raƙumi." Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ni mai midil ne, dole ya san ba da jahili yake magana ba. Na ja birkin hannu, na diro, na je tagarsa na shiga zazzaga masa Turanci. Ina tsakiyar wata doguwar jimla layi ya motsa. Ya sa giya ya tafi abinsa, ya bar ni tsaye a tsakiyar titi baki buɗe, motata ta toshe hanya, duk garin na zagina. Ɗan sanda ya zo, shi ma na ba shi sauran Turancin. A caji ofis muka yini. Ruwa ya sauko a kan kifin, tamfol ɗinmu kuwa ya yage, kafin a sake ni kaya sun soma wari. Mutumin nan ban san sunansa ba, bai san nawa ba, ina jin kafin la'asar ya manta da ni. Ni ga shi har yau ina ɓata tawada a kansa.

Zagi ba ya lotsa bodi. Ban taɓa ganin an kai mota gareji don an zagi uwar direba ba. In kana cikin cunkoso, dubi tayar motar da ke kusa da kai, kada ka dubi fuskar mai ita. Taya ce ke gaya maka inda mota za ta nufa, fuska kuwa abin da zai ɓata maka rai kawai za ta nuna maka. Ka bar fili tsakaninka da na gaba, har ka riƙa ganin inda tayarsa ta baya ta taɓa ƙasa. Wani zai zo ya cusa kansa a filin, tabbas zai zo. Bar shi, ka sake buɗe wani. Ba gonarka ba ce. Oda kuma sallama ce, sau ɗaya ake yi a gajarce don a san kana nan. Wanda ya kwanta a kanta ya nuna wa duniya cewa abin da ke hannunsa ya ƙare.

Ka riƙa lura da hannunka. Fushi ta nan yake fara shigowa, kafin ya kai baki. In ka ga ka damƙe sitiyari har jijiya ta tashi, haƙoranka sun haɗu, to ya iso. Sassauta yatsu, sauke kafaɗa, ja numfashi ka sake shi a hankali, yi istigfari. Ajiye gorar ruwa kusa da kai, ka kurɓa. Kada kuma ka saurari 'yan bayan mota masu buga bodi suna cewa direba ba ta wuta. Su ne farkon masu ba da shaida a kanka in ta faɗi.

Yanzu sai maganar iyaka, wadda saboda ita nake ɗingishi. Ka san labarin a bakin mutane, amma a bakina ba ka taɓa jin yadda aka yi ba, kuma kai ma hanyar nan za ka bi.

Mu nan hannun hagu muke bi, irin na Ingila. Da ka taka ƙasar Dahomai sai hannun dama, irin na Faransa. Kowa ya samu mulkin kansa, amma ba wanda ya iya zama da maƙwabcinsa a daidaita ko da wannan. Ƙasa ɗaya, gero ɗaya, yaren Dendi ɗaya ake yi a ƙetare biyun, amma sai direba ya juye kansa kamar waina. Shi ya sa direbobin iyaka suke da al'adarsu, na san ka gani wurin Baba Sido. In an wuce shingen duwan, wato kwastan ɗinsu, akwai wata babbar itaciya, nan ake tsayawa. Direba ya kashe mota ya sauko, ya zagaya ta, ya sha ruwa, sannan ya kwance jan ƙyallen da ke ɗaure a gefen hagu na gilashi ya mai da shi gefen dama, ya ce da bakinsa, "Dama." A dawowa ya mai da shi hagu. Ba tsafi ba ne, ba laya ba ce. Tunatarwa ce, domin kai yana iya sanin abu hannu bai sani ba.

Na yi shekara da shekaru ina yin haka, ban taɓa fashi ba sai rana ɗaya. Ranar wani jandarma ya tsare ni a shinge. Ɗan Dendi ne kamar Baba Sido, ƙauyensu bai fi tafiyar yini daga Lolo ta bakin iyaka ba, ya ji Hausa, ya ji Dendi, amma ya ce shi sai Faransanci. Ni kuma na ce in haka ne ni sai Turanci. Muka tsaya a rana muna faɗa da harsunan iyayengijinmu, ba mai jin wani. Ya ajiye takarduna a ƙarƙashin kwanonsa, ya ci abincinsa a tsanake, ya wanke hannu, ya yi sakace, sannan ya jefo mini su a ƙasa. Na tsince su, na hau mota a fusace. Na wuce itaciyar nan da gudu. Na gan ta sarai, na ce a raina ba zan tsaya inda zai hango ni ya ce ya sa na huce ba.

Hanya ba kowa. Ka riƙe wannan da kyau: a ƙasar da aka sauya hannu, hanyar da ba kowa ta fi cunkoso haɗari. A cunkoso motar gabanka tana yi maka jagora. A daji kuwa ba mai gyara maka, hannu sai ya koma inda ya saba. Ina can ina ƙarasa faɗa da jandarma a zuciyata, motata tana hannun hagu ban sani ba. A wata kwana kafin Kandi sai ga babbar mota ta ɗauko auduga, a kan hannunta, ni ne a kan nata. Na murza sitiyari hagu, yadda hannuna ya saba kaucewa. Shi kuma ya murza dama, yadda nasa ya saba. Hagu ɗina shi ne damansa. Duk mu biyu muka gudu wuri ɗaya. Na ƙara murzawa na bar masa hanyar, muka gangara rami, mota ta kwanta ƙafa sama. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ƙafata ta karye, motar ba ta sake tashi ba, mutanen gari kuma suka raɗa mini Malam Kifau, sunan da ya fi na yanka bin bakin yara.

Don haka, kada ka taɓa barin shingen iyaka da fushi a cikinka. Za su ɓata maka, sana'arsu ce, namu da nasu duk ɗaya. Ko sun ɓata ko ba su ɓata ba, tsaya a itaciyar nan. Ranar da ka ji ba ka son tsayawa, ranar ce aka yi al'adar dominta. Ka kuma tuna sitiyarinka yana dama, a can kai ne a bakin daji, ba ka hango abin da ke zuwa in kana bayan wata motar. Kada ka wuce kowa sai hanya ta miƙe ka gani da idonka. Kada ka ari idon wani ka sa ran mutane a kai.

Saura abin da ya faru ran kasuwa a bakin gulbi. Kai kana cikin mota, rabi ka gani.

Na zo in ga yadda za ka sauka gangaren nan ka hau jirgin fito da lodin shinkafa, domin Baba Sido ya ce kai zai bar wa. Ruwa ya janye, gangaren ya yi santsi, katako biyu ne kawai tsakanin tayarka da gulbi. Ga jakai, ga matan Fulani da ƙoren nono, ga masu kwalekwale suna kiran fasinja. Kana daidaita hanci sai ga motar 'yan siyasa a bayanka, lasifika bisa kanta, samari cike. Suka kwanta a kan oda. Mai lasifikar ya ce, "Mai shinkafa, kauce, gwamnati ce bayanka." Wani ya raɗa masa wani abu, sai ya ƙara murya yadda har ƙetare ana ji: "Jama'a ku ja da baya, ɗan Malam Kifau ne bisa sitiyari. Wanda bai iya iyo ba ya hau tudu."

Bakin gulbi ya ɗauki dariya. Ina tsaye da sandata a cikinsu.

Na ga ka tsaya. Na ga ka jira har matan nan masu nono suka gama wucewa ta bayanka, ka ja da baya kaɗan, ka fito da hannu ta taga ka yi musu alama su wuce. Suka wuce suna ihu, suka hau jirgi. Sannan ka sa giya ɗaya ka sauko, tayarka ta hau katako biyun nan kamar an ja zare. Sarkin jirgi bai ko ɗaga hannu ya gyara maka ba.

Ni ban ga kyawun wannan ba a lokacin. Na bi gangare da ɗingishina ina kaɗa sanda, na zagi masu lasifika da Turanci, suka ƙara dariya, ɗaya ya ce, "Baba, a hankali, kada kai ma ka kife." Sai na juyo kanka. Ka ji abin da na ce, duk bakin gulbi sun ji: ana zagin ubanka kana ɗaga musu hannu, wa ka gado? Jirgi ya tashi da wannan a kunnenka. Da na koma gida innarka ta riga ta ji. Ta ajiye mini ruwa ta ce, "Malam, ai da ka gode wa Allah da bai amsa maka ba." Ban ci tuwonta ba ranar.

Abin da ban sani ba, Alhaji yana wurin. Yana zaune a rumfar sarkin jirgi, ya rufe kai da rawani, kuma jirgin nan ya hau tare da ku. Jiya da ya zo, bayan mun gaisa an kawo goro, ya ce, "Malam Hamidu, shekara nawa ka yi kana hawan jirgin ga?"

Na ce, "Sun fi a ƙirga."

Ya ce, "To baki nawa gare shi?"

Sai na tuna. Baki ɗaya gare shi. Wanda ya riga shiga shi ne ƙarshen fita. Ni da na san wannan kamar sunana, fushi ya shafe mini shi.

Alhaji ya yi dariya har da tari. Ya ce da kuka isa ƙetare, gwamnati tana can ƙuryar jirgi, ba ta da hanyar fita sai mai shinkafa ya ja da baya. Lasifika ta yi tsit. Ya ce yana jin Baba Sido yana ce maka, "Ɗana, sauka ka duba mai, ka sha ruwa, ka yi alwala in kana so. Bari su ma su ɗanɗana." Kai kuma ka ce, "Baba, akwai masu jiran jirgi a wancan ƙetaren, su ba su zage ni ba." Ka sa ribas ka fita, ka raɓe, suka wuce ba wanda ya dube ka.

Na ce, "Wataƙila dai yaron ba ya da zuciya ne."

Ya ce, "Kai dai Malam. Na je kusa da shi sa'ad da ya sauko yana shan ruwa. Ya damƙe gorar har jijiya ta tashi a hannunsa, idonsa ja wur. Zuciyarka ce gare shi, ba ragi. Sai dai shi ya hau ta, kai ta hau ka. Ni ban neman direban da ba shi jin zagi, wannan gunki ne. Wanda ya ji ya kuma sa taya bisa katako daidai, shi nike nema."

Sahabi, an ce uba ba ya roƙon ɗansa gafara, ni ma ba zan soma ba. Amma na yi akawu, na san yadda ake gyara kuskure: a ja layi a kansa, a rubuta daidai a sama. Maganar da na jefe ka da ita a bakin gulbi na ja mata layi. Abin da na rubuta a samanta shi ne, tunda nake ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar nan ba, kuma na ga na Turawa, na ga na Yarbawa.

Sai Alhaji ya kawo sharaɗinsa. Ya ce zai ba ka motar, amma in riƙa zama kusa da kai a tafiye-tafiyen farko, tunda na san hanyar Kandi har Kwatano, na iya karanta takardun duwan, zai kuma riƙa sallamata kamar kowane ma'aikaci. Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta yi tsalle. Tun da ƙafar nan ta karye ba wanda ya ce mini hau. Ko warin fetur na ji a tasha sai in tsaya kamar mai neman wani abu. Na ga kaina a gaban mota, iska na dukan fuskata, muna wuce masu kirana Kifau.

Na tauna goro, sannan na ce, "Alhaji, na gode, amma ba za ni ba."

Ya ce, "Ƙafar ce?"

Na ce, "Bakin ne. Kai ka gan ni ran kasuwa. In na zauna kusa da yaron nan, farkon wanda ya cusa mana kai a Kwatano ni zan miƙa hannu in danna oda. Farkon jandarma da ya jefo mana takarda ni zan diro. Yaron ya iya da masu lasifika, domin ba ubansa ba ne. Ni ba zai iya ce mini in yi shiru ba. In kana son motarka ta dawo, bar ni a zaure. In kuma sai da mai tsaro za ka ba shi, to ba ka ba shi ba ke nan, ka aika Jega."

Ya ce, "Yayana, Allah ya jiƙansa, ya sha cewa Hamidu ya fi kowa ilimi ya fi kowa wauta. Yau da yana nan da ya rage rabi." Ya miƙo hannu muka tafa.

To ga amsarka. Motar taka ce, kai kaɗai, ba mai tsaro. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci Alhaji zai miƙa maka mabuɗi a gaban Baba Sido, lodin farko kuma na Kandi ne. Kada ka nuna ka riga ka ji, bar dattijo ya ji daɗin faɗa da bakinsa.

Ni kuwa yau da safe na sa farar rigata, wadda ban sa ba tun ina ofis, na bi kasuwa rumfa rumfa, har wurin masu shan shayi da suka fi kowa dariya ranar nan. Duk wanda ya gaishe ni sai in ce, ka ji an ba ɗan Malam Kifau mota? Da bakina nake faɗin sunan, kuma bai yi mini ɗaci ba. Mulkin kai bai ba ni kome ba, ban kuma sa ran zai ba ni. Wannan kuwa ba wanda ya tsallake ni ya ba ɗan wani.

Allah ya sa ka karɓa a sa'a. Allah ya sanyaya maka zuciya a inda ta yi zafi, ya buɗe maka ido a inda hanya ta yi shiru, ya raba ka da mugun ji da mugun gani, da kwanar da ba a ganin bayanta. Ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, kai da duk wanda ya hau bayanka. Ka gaishe mini da Baba Sido, ka ce na ji shawarar da ya ba ka a jirgi, kuma da ni ne da na bi ta. Innarka ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka kama hanya.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Malam Hamidu.